Ana karɓar musu damman hatsi wai kakanninsu bayi ne: ta ina za su fara?

Ɗan Damargu

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin doka. A wani ƙauye cikin yankin Tanut akwai wata zuri'a da ke noman gonaki tun kaka da kakanni. Duk shekara bayan girbi, wani gida yana aikowa a ɗauki damma daga hatsinsu, wai kakanninsu bayin gidan ne, kuma bawa ba ya da ƙasa. Bana sun ƙi bayarwa, sai aka ce su tashi daga gonakin kafin ruwa ya sauka. Ba su da takarda ko guda. Ta ina za su fara, kuma me zai iya ɓata musu shari'a?

Malam Isufu na Birni

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Magana biyu ce a nan, kada su yarda a ƙulle musu su wuri guda. Akwai laifi, akwai kuma rigimar gona, kowace da ƙofarta.

Laifin shi ne karɓar damman. Tun dokar 13 ga Yuni 2003 aka sa bauta cikin kundin hukunta laifuka na Nijar, sashe na 270.1 zuwa 270.5. Wanda ya bautar da mutum, hukuncinsa ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Akwai mataki na ƙasa da wannan, ɗaurin shekara 5 zuwa ƙasa da 10 da tarar jaka 500 zuwa miliyan 1, kuma cikinsa aka ambaci wanda ke karɓar wani kaso daga hannun mutum don yana ganin mallakinsa ne, ko yake cin amfanin aikinsa da sunan ubangida. Abin da ka bayyana cikin wannan mataki yake.

Su kai ƙara wurin jandarmomi, ko su rubuta kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na kotu. Rubutacciyar ta fi, don takan bar sawu: su yi kofi biyu, a buga musu hatimi da kwanan wata a kan nasu, su adana. A ciki a faɗi wane ne ke zuwa karɓa, dami nawa, wace shekara, a gaban wa, da ainihin kalmomin da aka faɗa musu. Kalmomin nan su ne ƙashin bayan ƙarar. In takarda ta ce kawai "muna rigimar gona da gidan wane", za a ce maganar gargajiya ce, a mayar da su wurin sarki, batun bauta ya mutu tun daga bakin ƙofa. Kuma in jandarma ya rubuta bayaninsu da Faransanci, kada kowa ya dangwala yatsa sai an karanta masa da harshen da yake ji.

In aka ajiye ƙarar ba a bi ta ba, akwai hanyar shigar da ita gaban alƙalin bincike a matsayin waɗanda aka cuta, sai dai a nan akan nemi kuɗin ajiya.

Hajiya Rabi

Malam Isufu ya gama da ɓangaren laifi. Ni gonar ce ta fi damuna, don a nan aka fi kayar da irin waɗannan mutane.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da mallakar takarda, saboda haka rashin takarda ba shi ne ƙarshen magana ba. Gadon gona da jama'ar gari suka shaida hujja ce. Amma ga tarkon: waɗancan za su ce damman da ake ba su duk shekara shaida ce ta aro, wato gonar tasu ce, sun ba da a noma. A al'adarmu kuwa mai aro ba ya zama mai gona ko ya shekara 50 a ciki. Dole zuri'ar nan ta nuna cewa ba don aro ake karɓa ba, don asali ake karɓa. Su nemo dattawa masu maƙwabtaka da gonakin ta gabas, yamma, kudu da arewa, waɗanda za su faɗi wanda ya sare dajin ya fara noma wurin. Su nuna rijiyar da kakanni suka haƙa in akwai, da itatuwan gawo ko aduwa da ke kan iyaka, da gonar da aka taɓa rabawa gado tsakaninsu ba tare da an nemi izinin kowa ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai, don ba a rabon gado a kan abin aro.

Rigimar gona sai ta bi ta sulhu wurin maigari da sarkin kanto kafin kotu ta saurare ta. Su je, amma su buɗe ido. In an sasanta ana rubuta takardar sulhu, in ba a sasanta ba ana rubuta ta rashin sulhu, da ita ake tafiya kotu. Sau da yawa akan ce musu "ku ci gaba da nomanku, ku dai riƙa ba da dami biyu don girmamawa", su ji daɗi su sa hannu. Wallahi ranar suka sallama gonar, don sun amsa da bakinsu cewa wani ne mai ita. Gara su fito da takardar rashin sulhu.

Kwamitin kula da filaye, wanda ake kira COFO, yana matakin ƙauye, na komin da na dapartama. Ba ya ba da takardar mallaka a kan gonar da ake jayayya a kanta, amma in suna da wasu gonakin da ba wanda ya yi magana a kai, su yi musu takarda yanzu-yanzu.

Lawali Zango

Hajiya, ina tare da ke, sai dai in ƙara cewa kada su shiga wannan su kaɗai. Doka ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta da suka shekara da rajista damar tsayawa a kotu tare da wanda aka cuta. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take wannan aiki na yaƙi da bauta. Akwai kuma ANAJJ, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da shawara da lauya. Su tambayi ofishinta a babbar kotun Damagaram.

Wani zai ce musu ai tsohon shugaban ƙasa Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce tun 1974. Ya faɗa, amma jawabi ne, kada su ɗora shari'arsu a kansa.

Su kuma san tafiyar tana iya yin tsawo. Misali, wata ƴar Nijar, Hadijatu Mani, an sayar da ita a matsayin baiwa a 1996 tana shekara 12 a kan jaka 240. Ko bayan an ba ta takardar ƴanci a 2005, da ta auri wanda take so sai aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ita matar tsohon ubangidanta ce, ta yi aure kan aure. Sai 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 kan wahaya, wato riƙe mace a matsayin baiwa da sunan mata ta biyar. Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, abin dogaro shi ne kotunan gida, har kotun ɗaukaka ƙara da ke nan Damagaram. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, ranar da aka yanke hukunci su tambayi magatakarda kwana nawa suke da shi.

Malam Isufu na Birni

Haka ne Lawali. Ɗan Damargu, ka gaya musu kada su bar gonakin bana ko da an tsorata su, kuma kada su ɗaga wa kowa sanda ko hauya. In aka yi faɗa aka ji ciwo, su za a fara kamawa, maganar ta koma ta duka. In wani ya shigo ya tumɓuke shuka, su kira shaidu su gani, a ɗauki hoto da waya, a kai rahoto wurin jandarmomi ranar.