Ranar da aka kai ni kallon Gujjubhai a Surat: waye kuma ya taɓa faɗawa irin wannan?

Mai Yadi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya a shago wata hira ta taso, na ce bari in kawo ta nan, tunda na san akwai waɗanda suka zauna a jihar Gujarat ta Indiya, wasu karatu, wasu kasuwa, wasu jinya.

Ni dai tun ina ɗan firamare nake kallon Indiya, har na ɗauka babu ɗan wasan ƙasar da zai gitta ban gane shi ba. Zuwana Surat na uku, a 2017, mutumin da nake sarin yadi a hannunsa ya ce yau da daddare babu zancen kuɗi, natak zai kai ni. Wallahi na zaci wani abinci ne. Ashe wasan kwaikwayo ne na dandamali, mutane a gabanka da jini da tsoka, da harshen Gujarati.

Sai bayan ƙarfe tara aka fara. Zauren cike maƙil, kuma ba samari ba ne kamar silimar da muka sani: magidanta ne da matansu, da tsofaffi masu dogara sanda, kowa ya ci ado kamar za shi ɗaurin aure. Wani dattijo mai ɗan tumbi ya fito, bai ce uffan ba tukuna aka ɓarke da tafi. Abokina ya raɗa min, Siddharth Randeria ke nan, wanda aka fi sani da Gujjubhai. Ban taɓa jin sunan ba. 'Yar Hindin da na tsinta a finafinai kuwa ba ta tsinana min komai ba. Abokin nawa ya fara fassara min, to kafin ya gama wannan an yi wata, yana ji ana dariya babu shi, sai kawai ya watsar da ni ya koma kallonsa. Wani da ke haguna, wanda ban sani ba bai san ni ba, duk dariyar da zai yi sai ya daki gwiwata.

Abin da na tsinta da ido: maigida ya yi ƙarya, uwargida ta kusa gano shi, ya ƙara wata ƙaryar don ya rufe ta farko, har abin ya fi ƙarfinsa. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda mutumin yake jira. In ya saki magana aka tuntsire, ba ya ɗora wata a kai. Sai ya tsaya da baki a ɗan buɗe, yana kallon gefe, sai dariyar ta fara sauka kafin ta mutu ya jefo ta gaba. Duk ɗan kasuwa ya san wannan, shi ne sanin lokacin da za ka faɗi farashi.

To wa ya taɓa shiga, ko ya ga finafinansu? Ku ba mu labari.

Ɗalibar Baroda:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a silima na fara ganinsa, ba a dandamali ba. Ina shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna, a 2019, iyayen ƙawata ta ɗaki suka zo ziyara suka ce dole a tafi da ni kallon Chaal Jeevi Laiye. Na yi sa'a akwai rubutun Ingilishi a ƙasa.

Na shiga da shirin dariya, don duk hanya babanta Gujjubhai yake ta ambato. Farkon fim ɗin kam an yi dariya. Labarin uba ne da ɗansa wanda aiki ya cinye, ba shi da lokacin kowa. Uban ya ja shi tafiya can duwatsun Uttarakhand da hujjar rashin lafiya. Ba zan ɓata muku ƙarshen ba. Amma da aka kunna fitila, baban ƙawata, mutum mai kantin ƙarafa da ko murmushi sai ka roƙa, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa alhali babu abin da ya same su. Ni kuwa ina fita na kira Abbana a Zariya, har ya tsorata ya ce lafiya da tsakar rana.

Fim ɗin ya haura shekara guda ana nuna shi a silimomin jihar. Akwai 'yan ajinmu da suka kalla sau huɗu, kowane zuwa da wani dangi daban. Daga baya na ga Randeria a Satyaprem Ki Katha na 2023, shi ne uban yarinyar. Ƙannena suna kallo a gida na ce kun ga wannan da kuke gani ɗan rakiya, a garinsu in ya fito babu mai kallon jarumin.

Baba Na Sabon Gari:
Yaran nan kun sa na tuna baya. Ni jinyar ƙanena ta zaunar da ni Ahmadabad wata huɗu, ciwon ƙoda, Allah Ya jiƙansa, ya rasu bayan mun dawo. Gidan da muka kama haya akwai maigadi, tsoho kamar ni, yana da 'yar talabijin a ɗakinsa na bakin ƙofa. Dare in ya yi tsawo nakan sauko mu zauna. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai shayi da nuni.

Shi a wurinsa ɗan wasa ɗaya ne a duniya, Upendra Trivedi. In aka sako tsohon fim ɗinsa, ya fito da rawani da gashin baki da takobi, sai maigadin nan ya gyara zama kamar sarki ya shigo. Jikansa da ke jin Ingilishi ne ya warware min. An haifi Trivedi a 1936, ya fara ne daga dandamali a Mumbai, kuma laƙabin da ake masa, Abhinay Samrat, wato sarkin 'yan wasa, sunan wani wasansa ne da ya fito a matsayin mutum bakwai shi kaɗai. Jesal Toral na 1971 shi ya ɗaga shi, kuma ya farfaɗo da harkar fim ɗinsu gaba ɗaya. Ya yi siyasa ma, ya wakilci Bhiloda a majalisar jiha. Ya rasu a farkon 2015. Ƙanensa kuwa, Arvind Trivedi, shi ne ya fito a Ravan, mugun sarkin labarin, a Ramayan ɗin talabijin na 1987.

Wanda ya kama ni shi ne Manvi ni Bhavai, na 1993, wanda shi ya ba da umarni kuma ya fito a ciki, daga littafin Pannalal Patel. Labarin fari ne da yunwar da aka yi wajen 1899 zuwa 1900, wadda suke kira Chhappaniyo. Manomi mai mutunci, yunwa ta kai shi layin karɓar tsaba, hannu ya ƙi miƙuwa. Wannan ban nemi tafinta ba. Na ga irinsa a 1973 da idona, lokacin da mutane suka riƙa gangarowa daga arewa da 'yan ƙwaryoyinsu, wasu ka gansu ka san masu garke ne a da.

Saboda haka Alhaji Mai Yadi, ba raina naka nake ba, amma wasan miji ya yi ƙarya mata ta kama shi, wannan abin taɓa ka lashe ne.

Mai Yadi:
Allah Ya jiƙan ƙanenka Baba, Ya sa jinya ta zama kaffara. Na karɓi gyara, amma da sauran magana. Shi ma Randeria ya yi mai nauyin. A 2018 ya fito a Natsamrat, labarin tsohon ɗan wasa da ya raba wa 'ya'yansa dukiya tun yana raye, daga baya ya rasa wurin zama. Asalinsa wasan Marathi ne. Abokina na Surat ya ce ya kalla sau ɗaya bai sake ba, wai yana da 'ya'ya maza uku, ba ya son abin da zai hana shi barci.

Ɗan Rajkot:
Ni ta bayan fage na shiga harkar, kuma ba da niyya ba. Ina karatun injiniya, wani abokina da ke haɗa fitilu a wani zaure ya ce in zo in taya shi ɗaukar kaya wata Lahadi, zai saya min abincin dare. Na je sau ɗaya, na ƙare da zuwa kusan duk mako har na gama.

Abin da 'yan kallo ba sa gani: yawancin manyan wasannin nan a Mumbai ake shirya su, ba a Gujarat ba, don can ma Gujaratawa suna da yawa kuma suna da kuɗi. Shi kansa Randeria haifaffen Mumbai ne, 1955, kuma gado ya yi, mahaifinsa Madhukar Randeria marubucin wasa ne kuma ɗan wasa. Motar kaya takan iso da rana ɗauke da falo sukutum a ninke: bango na katako, ƙofofi uku ko huɗu, kujera, matakalar bene da ba ta zuwa ko'ina. Cikin awa biyu an kafa gida. Ana gamawa wajen sha biyun dare a kwance, a loda, gobe wani gari. Ƙofofin nan su ne rabin wasan, wannan ya shiga nan wancan ya fito can, in ɗaya ta cije dariya ta mutu. Na taɓa shan faɗa a kan sakata guda, faɗan da ban sha irinsa a ɗakin gwaji ba.

Sannan ba kullum ake sayar da tikiti a taga ba. Sau da yawa ƙungiya ce, ta 'yan kasuwa ko ta dangi ko ta mata, take sayen wasan dare guda kacokan ta raba wa 'ya'yanta. Shi ya sa Alhaji ya ga kowa ya san kowa. Shi ya sa kuma, a ganina, ake yawan yin na ban dariya na cikin gida: wanda ya biya yana son ya zo da surukarsa da jikarsa ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Wasa ɗaya sai a yi shi sau ɗaruruwa, har Ingila da Amurka da gabashin Afirka, duk inda 'yan uwansu suke. Wancan jiran da Alhaji ya lura da shi, daga nan ya samo asali. Wanda ya faɗi magana ɗaya dare ɗari uku ya san tsawon dariyarta kamar yadda ya san hanyar gidansa. Lokacin da Randeria ya yi fim ɗin Gujjubhai the Great a 2015, wanda ɗansa Ishaan ya ba da umarni, yana dab da shekara 60, kuma 'yan kallonsa ya kwaso daga zaure ya kai silima, ba silima ce ta yi shi ba.

Kuma mu da muke cewa ba mu san su ba, mun daɗe muna cin tuwonsu. Aankhen na 2002, na makafin da suka yi fashin banki, daga wasan dandamalin Gujarati aka ɗauko shi. OMG na 2012 haka, 102 Not Out na 2018 haka. Paresh Rawal a dandamalin ya goge. Thakur na Sholay, Sanjeev Kumar, ɗan Surat ne, sunansa na yanka Harihar Jariwala, akwai ma zaure da sunansa a garin.

Wani abu daban: na taɓa ganin Bhavai a wani ƙauye lokacin bikin Navratri na mabiya addinin Hindu, wasan gargajiyarsu na fili. Da aka busa bhungal, wani dogon ƙaho na tagulla, sai da tsigar jikina ta tashi, na ce kakaki a nan? Maza ne ke yin rawar mata a ciki. Wai a makaranta an so a ɗaura min sari a wani wasan ɗalibai don a yi dariya, na ce a kai kasuwa.

Umman Biyu:
To ni bari in zama bare a cikinku. Na shiga sau ɗaya a Ahmadabad, lokacin maigidan yana digirinsa na uku, kuma a hutun rabin lokaci na ce mu tafi. Ba na Gujjubhai ba ne, wata ƙungiya ce daban. Na farko, ƙarar lasifika kamar za ta fasa kunne. Na biyu, maƙwabciyarmu da ta gayyace mu tana fassara min, na lura duk abin dariyar a kan mata ne: mace mai mita, mace mai kashe kuɗi, suruka mai masifa. Matan da ke zauren sun fi kowa dariya, wannan kam ban musa ba, amma ni bai ba ni ba. Ga kallo. Ni kaɗai ce mai hijabi, baƙa kuma, har wata tsohuwa ta taɓa hannuna ta duba yatsanta. Ba da mugunta ba, ta ma ba 'yata alewa, amma na ƙosa.

Wanda ya wanke min rai Hellaro ne, na 2019, labarin matan wani ƙauye a yankin Kutch na Gujarat da aka hana su garba, rawar gargajiyarsu. Mai ba da umarninsa, Abhishek Shah, shi ma ɗan dandamali ne, kuma fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na ƙasar Indiya baki ɗaya. Ashe dai suna iyawa in sun so.

Ɗalibar Baroda:
Anti, maganar taɓa hannu ta same ni ni ma, a motar haya. Amma zancen barkwancin mata, kin tuna na gida ma haka suke, ko a namu finafinan uwargida da amarya ba su huta ba.

Tsohon Ɗan Dirama:
Ni ban je Indiya ba, amma ku ba ni dama, don Ɗan Rajkot ya sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Mu ma daga ƙungiyoyin dirama muka fito. Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kafin ta ɗauki kyamara. Su Kasimu Yero da Samanja sun goge tun kafin a san kaset. Bambancin, mu da bidiyo ya zo muka saki dandamali gaba ɗaya, su kuwa suka riƙe biyun. Yanzu yaro zai fito a fim goma bai taɓa tsayawa gaban mutum hamsin ya ji ko maganarsa ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Ɗan Rajkot, don Allah falon nan da ake ninkewa, da me suke haɗa bangon? In da hoto ka turo min.

Ɗan Rajkot:
Firam ne na katako mara nauyi Baba, a ja masa zane ko falanki siriri a yi fenti, a haɗa da fata irin ta ƙofa, a tokare ta baya a ɗora nauyi. Mutum biyu sun ɗauka. Kafinta na Kofar Wambai zai yi shi a kwana biyu. Zan duba tsohuwar wayata.

Mai Yadi:
Na gode kowa. Na manta ban faɗa muku ba: a hutun rabin lokacin nan, muna tsaye da samosa da shayi a ɗan kofin takarda, abokin nawa yana share hawayen dariya, ya rage min kuɗin da muka kwana biyu muna ja a kai a shago. Ban ma roƙa ba. Wata mai zuwa in Allah Ya yarda zan koma, kuma na riga na gaya masa ya nemo tikiti, ni zan biya.