Faɗaɗa injin Chevrolet 350 zuwa 383: wane karanshaf, konrod da fistan zan zaɓa?

Ɗalibin Kanikanci ya rubuta:

Assalamu alaikum, masana. Ina da injin Chevrolet 350 mai silinda takwas, wanda faɗin silindarsa inci 4.000 ne, tafiyar fistan kuma inci 3.48. Nufina in mayar da shi 383 (lambobin 350 da 383 girman cikin injin ne a ma'aunin inci kubik), wato a ƙara wa faɗin silinda inci 0.030 sannan a sa karanshaf mai tafiyar inci 3.75, ta yadda zai tashi daga lita 5.7 zuwa kimanin lita 6.3. Motar ta hawa titi ce, da man fetur na gidan mai za ta riƙa aiki, kuma ba na tsammanin injin zai wuce juyi 6,000 a minti. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zaɓen kayan ciki: karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) na zubi ko na ƙira, konrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf) mai tsawon inci 5.7 ko mai 6.0, da kuma irin fistan da zai dace da kan silinda samfurin Vortec na Chevrolet da nake da shi a ajiye. Ina neman shawararku kafin in sayi ko da ƙusa ɗaya.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka fara da faɗin aikin da motar za ta yi, domin shi ne ke yanke hukunci a kan kusan komai. Ga injin titi da ba zai wuce juyi 6,000 ba, kuma babu turbo ko wani abin ƙara masa matsi, karanshaf na zubi mai kyau ya wadatar. Na ƙira, irin na ƙarfen 4340, ya fi ƙarfi babu shakka, amma ƙarfin da ba za ka taɓa buƙata ba ne a wannan aikin.

Inda nake son ka tsaya ka natsu shi ne batun matsi, wato yawan yadda fistan ke matse iska da mai a cikin silinda, saboda a nan ne masu haɗa 383 da yawa suke tuntuɓe. Kowace silinda a injin 383 tana ɗaukar kimanin cc 784, ɗakin ƙonewa na kan Vortec kuwa cc 64 ne kacal. Idan ka ɗora wannan kai a kan fistan mai shafaffen sama, ka haɗa da kaurin gaskit da 'yan ramukan bawul, matsin zai kai wajen 11 a kan 1. Kan Vortec na ƙarfen zubi ne, yana riƙe zafi, kuma matsi irin wannan da man gidan mai zai sa injin ya riƙa ƙwanƙwasa, wanda shi ne ke farfasa gefen fistan da ringi ya kuma daddatse mital, wato beyarin da karanshaf ke juyawa a kai. Fistan mai kwarmi a sama, wanda kwarminsa ya kai cc 18 ko kusa da haka, zai sauko da matsin zuwa wajen 9.5, inda hankali zai kwanta. Kada ka yarda a sauke matsin ta hanyar sa gaskit mai kauri. Tazarar da ke tsakanin shafaffen ɓangaren fistan da kan silinda ya kamata ta tsaya a wajen inci 0.040, domin wannan ƙuncin ne ke matse iska da mai ya watsa su cikin ɗakin ƙonewa, ya sa su ƙone da sauri. Idan ka faɗaɗa ta, matsi zai ragu a lissafi amma ƙwanƙwasa na iya ƙaruwa.

Ka duba shekarar bulokin ma. Daga 1986 ne aka koma sil (robar da ke hana mai yoyo) na bayan karanshaf mai guda ɗaya, kafin nan mai ɓari biyu ne, kuma karanshaf na wannan ba ya zama a wancan kai tsaye.

Mai Aikin Tana ya amsa:

Na yarda da Malam a kan matsi, amma bari in ɗauki tambayar konrod, tunda a bencina ake gano matsalarta. Tsayin bulokin daga tsakiyar karanshaf zuwa sama inci 9.025 ne, saboda haka duk abin da ka ƙara wa konrod sai ka rage shi daga fistan. Da konrod mai 5.7, tsayin fistan daga fil ɗin da ke haɗa shi da konrod zuwa sama zai zama wajen inci 1.425, da mai 6.0 kuwa sai ya sauko zuwa 1.125. Fistan na biyun ya fi sauƙin nauyi, kuma dogon konrod ba ya karkata sosai, don haka turin da fistan ke yi wa bangon silinda yana raguwa. Sai dai ramin fil ɗin yakan hau har cikin gurbin ringin mai, dole a sa wani siririn ƙarfe ya tallafe shi. Ni na fi karkata ga mai 6.0, saboda ya fi ba da sarari tsakanin gindin fistan da nauyin daidaita karanshaf, abin da ke sauƙaƙa daidaita nauyin injin daga ciki.

Wannan daidaitawar ba ƙaramin abu ba ne. Asalin karanshaf na injin Chevrolet 400, wanda daga gare shi aka samo dabarar haɗa 383, daga waje ake daidaita shi, wato sai da fulayiwil (faifan ƙarfe na bayan karanshaf) da damfa (faifan gaba mai rage girgiza) masu nauyi a gefe ɗaya. Idan ka haɗa shi da fulayiwil na 350, injin zai yi ta karkarwa har ya cinye mital ɗinsa. Ka tabbatar da irin wanda kake saya, kuma ka kai karanshaf, konrod, fistan, ringi, mital, fulayiwil da damfa a daidaita su tare a rana ɗaya.

Kafin wanka na ƙarshe na bulokin, a yi haɗin gwaji. Ka sa karanshaf da konrod, ka juya da hannu a hankali, za ka ga kafaɗar konrod tana neman gogar gindin silinda da gefen da kaskon mai ke zama. A shafa alama a wurin, a kwance kayan, a goge da na'urar gugar ƙarfe kaɗan kaɗan har sai tazarar ta kai wajen inci 0.050 zuwa 0.060, kuma a kiyaye zurfi domin bayan wannan naman akwai hanyar ruwa. Haka za ka gwada da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) a ciki, saboda wasu konrod suna kusantar ƙulluntansa. Konrod da aka ƙera don dogon karanshaf, mai ƙusa da ke shiga jikinsa ba tare da noti ba, yana rage wannan wahala ƙwarai.

Tsohon Bakanike ya ƙara da cewa:

Ban ƙi maganar mai 6.0 ba, amma a injin titi bambancin ƙarfin da ke tsakanin su biyun ba abin da direba zai ji a ƙafarsa ba ne, kuma mai 5.7 yana barin fistan mai dogon siket wanda ya fi zama daram a silinda. Abin da ɗan'uwanmu zai ji shi ne numfashin injin. Kan Vortec, wanda ya fito a 1996, yana shaƙar iska sosai a ƙananan juyi da matsakaita, amma idan ba a yi masa aiki ba bawul ɗinsa ba ya jure ɗagawar da ta wuce wajen inci 0.450 zuwa 0.470, domin marikin sifirin zai taɓo sil na jagoran bawul. Yawancin kamshaf da suka dace da 383 sun wuce wannan, don haka sai an rage tsayin jagoran kuma an sauya sifirin. Yana kuma buƙatar manifol na shigar iska irin nasa mai ƙusoshi takwas, na tsofaffin kawuna ba ya hawa.

Ɗalibin Kanikanci ya amsa:

Na gode, Allah ya ƙara basira. Na duba bulokin, mai sil guda ɗaya ne. Zan nemi karanshaf na zubi da ya dace da shi, da konrod mai 6.0 da fistan mai kwarmi, amma ba zan yi odar fistan ba sai an auna saman bulokin da ɗakunan ƙonewa an ba ni ainihin lambobin. Tambayar da ta rage mini ita ce ta kamshaf: da matsi 9.5 da giya mai sauya kanta, wane tsawon buɗewar bawul ne ba zai kashe mini ƙarfin tashi daga tsaye ba?