Hannu a cinya ko a tebur? Tambaya kan awon hawan jini

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manyanmu a aiki. Shekarata 2 ina zama a ɗakin awo na wani ƙaramin asibiti, jiya kuwa na karanta abin da ya hana ni barci. Bincike ne na masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya fito a mujallar JAMA Internal Medicine a 2024. Mutum 133 suka auna, kowa a yanayi uku: hannu a kan tebur, a kan cinya, da kuma a sake yana reto a gefe. Idan aka kwatanta da na kan tebur, a cinya lambar sama (ta farko cikin lambobi biyu na awon hawan jini) ta ƙaru da kusan maki 4, a gefe kuwa da 6.5.

To ni teburina kati da rajista sun cinye shi. Majinyaci ya zauna, in ɗaura, in rubuta, na gaba ya shigo. Makon jiya na rubuta wa wata baiwar Allah 143/86, kuma na tuna sarai hannunta a sake yake. Zuwanta na farko ke nan, aka ɗora ta a kan magani bisa lambar da na bayar. In an cire 6 ai ba ta kai 140 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a matsayin mafarin hawan jini ba. In kira ta ta dawo, ko zaƙewa ce kawai?

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kira ta, ba zaƙewa ba ce. Amma ka bar jaki kana dukan taiki. Ɗamarar awo, wadda ake ɗaurawa a damtse a hura, guda nawa gare ka a ɗakin? Na san amsar: ɗaya, kuma ita kake ɗaura wa kowa. A jami'ar nan dai an yi wani binciken a 2023 kan mutum 195. Masu kaurin damtse da ya kamata a sa musu ɗamara mafi girma, da aka sa musu matsakaiciya, sai lambar sama ta haura da kusan maki 20. Ashirin fa! Siraran mutane kuma tasu ta ragu da kusan 4, wato mai ciwon ya tafi gida an ce masa lafiya lau.

Ni tef ɗin awo a aljihuna yake kwana. Duk wanda na ga ɗamarar na neman ɓallewa a hannunsa ana tsakiyar hurawa, ba na rubuta lambar sai na samo babba. Na sha faɗa da masu kula da kaya a kan wannan, har sun gaji da ni.

Mai Dogon Layi:
Sista, a takarda duk wannan daidai ne. Amma a ce hutun minti 5, jingina baya, ƙafa a ƙasa, ba magana, a fara yin fitsari, ga layi har waje? Wa zai jira?

Likitan Iyali:
Malam, gyara hannu ba ya cin ko daƙiƙa 10, don haka layi ba uzuri ba ne a nan. Hutun ma ana iya samunsa yayin da kake cika kati, in dai ka daina yi masa tambayoyi ɗamara na hannunsa.

Sabon Hannu, abu ɗaya zan gyara maka. Kada ka cire 6 daga lambarta. Wannan 6.5 matsakaici ne na jama'a. Wani bambancinsa ya fi haka, wani kusan babu. Ba a gyara awo da lissafi, sake shi ake yi. Kuma abin da ya fi damuna ba hannun ba ne: lamba irin wannan, a zuwa ɗaya, ba ta isa a ce mutum na da hawan jini ba, sai an sake samunta a wata rana daban. Kada ka ce mata ta daina shan magani da bakinka. Yanzu da take sha, lambar za ta iya saukowa ko da tana da ciwon, don haka wanda ya rubuta maganin shi zai yanke yadda za a tantance. Je ka same shi, ka faɗa masa yadda aka yi awon.

Sabon Hannu:
Na gode, Likita, na gode Sista. Na kwashe rajistar na mayar kan kujera, gefen tebur ya samu. Na sami wanda ya rubuta maganin da safe, bai yi faɗa ba, ya ce ta zo ranar Alhamis. Babbar ɗamara kuma an ce in rubuta takarda.