Injin yanke ciyawa yana hawa yana sauka: kafireta ce ko gwamna?

Mai Kula da Fili:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da filin ƙwallon wata makaranta a nan Kaduna. Muna da injin yanke ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa, ɗan Kwatano, injinsa Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, doki 17.5 aka rubuta a murfinsa. Tun da ruwa ya ɗauke bara yake ajiye a sito, sai yanzu da ciyawa ta taso muka fito da shi. Tashi kam bugu ɗaya. Amma da ya ɗan ɗumama sai ƙararsa ta riƙa hawa tana sauka, kamar wani na wasa da totur. In na sa wuƙa na shiga ciyawa mai kauri yakan daidaita, ina fitowa ya koma gidan jiya. Na canja fulogi, na kakkaɓe filtar iska, shiru. Abu ɗaya na lura: in na ja cok zuwa rabi sai ya nutsu. Wani yaro mai gyaran janareta ya ce gwamna ne, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, a ba shi ya ɗaure sifirinsa. Na ce ya dakata in ji ta bakin masu sana'ar tukuna.

Bakaniken Panteka:
Wa alaikumus salam. Malam, kar ka bari ya taɓa sifirin nan. Ai kai da kanka ka faɗi amsar: cok ya kwantar da shi. Cok iska yake ragewa, ke nan mai ne bai isa ba. Gwamna aikinsa yake yi. Mai ya gaza, gudu ya faɗi, gwamna ya buɗe totur, mai ya kwararo ta babban jet (babban ramin da mai ke bi a kafireta), gudu ya wuce kima, gwamna ya rufe, a sake komawa farko. Shi ne hawa da saukar da kake ji. Leƙa gefen kafireta yana aiki, za ka ga sandar totur tana kai da komo.

Daidaitar da yake yi cikin ciyawa ma shaida ce. In yana jan kaya totur a buɗe yake, babban jet ke ciyar da shi. In babu kaya totur kusan a rufe yake, sai ya dogara da hanyar silo, wato ƙaramar hanyar mai, wadda raminta bai kai kan allura ba. Fetur ɗin da ya yi rani a kwanon kafireta ya bushe ya bar danƙo, can yake fara toshewa.

Ka ja birki, cire wayar fulogi, matse tiyon mai. A ƙasan kwano akwai solonoyid mai waya, kwance shi, in kuma akwai sukurori riƙe da kwanon ka kwance su, kwanon zai fito. Fesa maganin wankin kafireta a kowane rami, har da ƙananan ramukan da ke kusa da faifan totur, ka tabbata ya ɓullo ta wancan gefe. In ya ƙi, zaro sili ɗaya na jan ƙarfe daga wayar lantarki ka zura a hankali. Ban da allurar ɗinki. In ramin ya buɗe fiye da yadda aka ƙera shi, ba ya komawa.

Ɗan Tudun Wada:
Gaskiyar oga ce, amma kafin ka kwance komai ka sassauta murfin tanki yana aiki. In ya nutsu, ramin numfashin murfin ne ya toshe. Sannan tsiyayo man cikin kwalba ka ajiye. In ruwa ya kwanta a ƙasa, to ka san na jarka aka zuba masa. Filtar mai ma ka zare ka ga ko man yana zubowa sosai ko ɗigo yake yi.

Abban Walid:
Ni fa duk wannan wahala ce. Sayi sabuwar kafireta ka ɗaura ka huta.

Bakaniken Panteka:
Alhaji, in tanki da datti, sabuwar ma mako guda za ta yi. Kuma irin na kwalin nan marasa suna sau da yawa jet ɗinsu bai dace da injin ba, wasu tun daga leda suke hawa da sauka. Ta asali da aka wanke ta fiye min.

Malam, na manta ban ce ba: duba jikin kafiretar. In Nikki aka rubuta, cikin kwanon akwai wata roba mai gasket, babban jet ɗin ɗan ƙarami ne, zoben roba kawai ke riƙe da shi. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka buɗe, don in ya faɗa cikin ciyawa sai dai haƙuri.

Mai Kula da Fili:
Allah ya saka da alheri. Nikki ce kuwa. Murfin tanki lafiyarsa ƙalau, man ma babu ruwa, amma ƙasan kwanon wani jan danƙo na tarar mai warin tsohon fenti. Na wanke kamar yadda oga ya ce, na sa sabuwar filta. Ya gyaru sosai, sai dai in na rage totur har yanzu yana ɗan rawa. In riƙa barin cok a rabi ne in ci gaba da aiki?

Bakaniken Panteka:
A'a, Malam. Zai baƙanta fulogi, fetur kuma ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Sauran rawar nan ina zargin iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Tayar da shi a fili, wuƙa a kashe, ka fesa maganin kaɗan a mahaɗar kafireta da bututun da ya shiga injin, nesa da salansa. In ƙarar ta canja, gasket ɗin wurin ya mutu. Ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa a gwada maka, ka haɗa da lambar injin da ke buge a murfin bawul. In ba a samu ba, sayi takardar gasket ka ɗora tsohon a kai ka yanka.