Shin tsaurin dokar tantance magunguna yana ceton rai fiye da yadda jinkirinta ke salwantarwa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Sabon magani kan shafe shekara 10 ko fiye kafin ya fito daga ɗakin bincike ya isa hannun majiyyaci, kuma kuɗin gwaje-gwajen da hukumomi ke wajabtawa a wuyan mai saye yake ƙarewa. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba zai iya jira haka ba. Ina roƙon masana su haska mini, shin wannan tsauri ya cancanci abin da ake biya dominsa?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Wa alaikumus salam, Malam. Dokokin nan bayan asarar rayuka aka kafa su. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka maganin sulfanilamide a cikin sinadarin diethylene glycol mai guba, mutum fiye da 100 suka rasu, da yawansu yara, sannan dokar 1938 ta wajabta nuna cewa magani ba shi da haɗari kafin a sayar. Thalidomide kuwa, wanda ya shiga kasuwa a Jamus ta Yamma a 1957, ana ba mata masu juna biyu saboda laulayi, ya sa an haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannaye ko ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan masifa ne domin Frances Kelsey ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta ƙi sa hannu har sai an kawo mata hujja.

Malamar Jinya:
Duk wannan gaskiya ne, sai dai jaririn da magani ya nakasa kowa yana ganin hotonsa, wanda ya cika a gado yana jiran izinin hukuma kuwa ba mai ƙirga shi. Shi ya sa jami'i ya fi tsoron amincewa da kuskure fiye da jan ƙafa. Sai da masu fama da ƙanjamau suka yi zanga-zanga a hedikwatar FDA a 1988 aka ƙara sassauci, har aka kafa hanyar amincewa ta gaggawa a 1992. Bai kamata a auna mai ciwon daji da ya yi nisa da ma'aunin mai mura ba.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Na yarda da ke, Malama, kuma gwaji komai tsawonsa ba ya kama komai, domin illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma tana iya ɓuya a gwajin mutum dubu uku. Vioxx, wani maganin rage zafin ciwo, ya samu izini a 1999, sai a 2004 aka janye shi saboda haɗarin bugun zuciya. A ganina gara a gaggauta izini ga cututtuka masu kisa, a tsaurara sa ido bayan magani ya shiga kasuwa, a kuma riƙa binciken masana'antu. Yara kusan 70 da suka rasu a Gambiya a 2022 ba sabon magani suka sha ba, maganin tari da mura ne da ya gurɓata da irin sinadarin nan na 1937.