Shin Gwajin Jini Zai Maye Gurbin Yankar Tsoka a Binciken Sankara?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Ina ganin nan ba da jimawa ba likitoci za su daina yankar tsoka don tabbatar da sankara, domin tun 2007 masu bincike a babban asibitin Massachusetts da ke Amurka suka ƙera wani ɗan faifai mai siraran hanyoyi, aka jera ginshiƙai 78,000 a cikinsa, jini yana ratsawa a hankali, ƙwayoyin sankara suna maƙalewa.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam, ka tsallake inda gizo ke saƙa. A mililita ɗaya na jini akwai jajayen ƙwayoyi kusan biliyan 5 da farare miliyoyi, alhali ƙwayar da ake farauta ba ta cika wuce ɗaya ko biyu ba. Sinadarin da aka shafa wa ginshiƙan kuwa wani furotin da ke fatar ƙwayar sankara mai suna EpCAM kaɗai yake kamawa, kuma ƙwayar da ta shirya yaɗuwa takan rage wannan furotin a fatarta, sai ta sulale ta wuce. Wato masu haɗarin ne suka fi kuɓucewa.

Malam Nasiru: Ai shi ya sa aka koma tacewa da girma. Na'urar Parsortix ta Birtaniya tana tura jini ta mashiga mai hawa-hawa da ke ƙara matsewa, ƙwayoyin jini su lanƙwashe su fice, ta sankara mai girma da tauri ta tsaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022.

Malam Bashir: Allah ya gafarta malam, amincewar ta tattaro ƙwayoyi ce daga masu sankarar mama da ta riga ta bazu. Na'urar CellSearch ma, wadda aka amince da ita tun 2004, ƙidayar ƙwayoyin sankara take yi a jini mililita 7.5, idan an samu 5 ko fiye a mai sankarar mama, alama ce cutar za ta yi tsanani. Mu da ke ɗakin gwaji, a tsokar da aka yanko muke ganin yadda ƙwayoyin suka jeru da ko sun keta iyakarsu, abin da ƙwaya mai yawo ita kaɗai ba za ta nuna ba.

Malam Nasiru: Na janye batun gano cutar da farko. Amma mai shan magani ba za a riƙa yankarsa kowane wata ba, jini kuwa ana iya ɗiba a ga ko maganin yana ci.

Dakta Hauwa: A nan mun daidaita, Malam, muddin sakamakon da bai nuna ƙwaya ba ba za a ɗauke shi shaidar warkewa ba.