Kwaikwayo ne ko izgili? Ina neman shawara kafin in rubuta wa uban yaro

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram. A wasan da ɗalibai suka yi na rufe shekara, wani yaro ya kwaikwayi ɗaya daga cikin malamanmu: ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya ɗora tabarau a kan karan hanci, sannan ya kama in'ina irin tasa har sai da fili ya kaure da dariya. Malamin ya ce izgili aka yi masa, yaron kuma ya rantse kwaikwayo kawai ya yi. An ɗora mini rubuta wa mahaifinsa takarda. Wace kalma ce za ta yi wa kowa adalci?

Wani dattijo daga unguwar Birni ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Kwaikwayo ba ya ɗauke da laifi a kan kansa, domin da shi yaro ke koyon magana da salla. Garin nan ma ya san wasan kara, inda matasa kan yi shigar manyan hukuma, su ari tafiyarsu da muryarsu, manyan kuwa suna zaune suna kallo suna dariya. Ƴan kama su ma sukan ɗauki salon karatun malamai su mayar da shi kan tuwo da miya, ba a ce sun yi saɓo ba. Abin da ake ara a duk waɗannan shi ne muƙami, da shiga, da ɗabi'ar da mutum ya ɗora wa kansa. Tumbin tsumma da tabarau sun shiga nan. In'ina kuwa halitta ce, malamin bai zaɓe ta ba, kuma a nan ne yaron ya ƙetare iyaka.

Wata malama daga unguwar Zango ta ce:

Malam, ina tare da Baba, amma kada ka rubuta izgili. Kalma ce mai nauyi, wadda ke nuna raini da gangan, shi ya sa ake yawan jin ta a wa'azi, musamman idan ana fassara aya ta 11 ta Suratul Hujurat. Uban da ya karanta cewa ɗansa ya yi wa malaminsa izgili, bulala zai fara ɗauka kafin ya tambayi abin da ya faru. Rubuta cewa kwaikwayon ya zarce zuwa ba'a, ka kuma faɗi wurin da ya zarce.

Wani ɗan'uwa ya ƙara da cewa:

Kada yaron ya fake da barkwanci. Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin al'adun gado na Nijar a 2014, yana da sharaɗi: wanda ka tsokana yana da damar ramawa. Malami ba zai hau dandali ya rama wa ɗalibinsa ba. A shawarata, yaron ya fara zuwa ya durƙusa ya ba malamin haƙuri, sannan takardar ta biyo baya.